Daga tamfol zuwa galan a kan rufi: yadda ƙuncin gida ke cin motocin Zariya

Duk wanda ya saba ratsa lungunan Hanwa, Gyallesu, Tudun Jukun ko gidajen ma'aikata da ke Samaru ya san abin da zan faɗa. A ƙofar gida ko gindin darbejiya za ka ga mota an lulluɓe ta da tamfol, ƙura ta yi mata rawani, taya ɗaya ta sace, kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. In ka tambayi mai ita, da wuya ya ce maka ya gaza. Cewa zai yi, "Ɗan gyara take jira," ko kuma, "Ai mashin ya fi mini sauri yanzu." Kai ma sai ka ce Allah Ya hore, ku bar kaza cikin gashinta. Alhali ku duka biyun kun san lafiyar motar ƙalau, aljihun ne ke jinya.

A ƙasa irin Amurka, inda akasarin sababbin motoci da bashi ake sayensu, kuma bashin mota kaɗai ya haura dala tiriliyan ɗaya da rabi, gane cewa gidaje sun shiga matsi ba shi da wuya. Mutane za su fara kasa biyan kuɗin wata, banki ya aiko a ɗauke motar, alƙaluma su fito, masana su hau sharhi. Mu a nan lakadan muke sayen mota. Mutum ya yi shekaru yana tari, ko ya kwashi adashi, ko ya sayar da fili, ko ya ci bashin ƙungiyar taimakon juna ta wurin aikinsa ana cira daga albashi. Babu bankin da zai zo ya ɗauke ta, don haka babu littafin da ke rubuta ranar da magidanci ya kasa riƙe motarsa. Abin a ɓoye yake faruwa, cikin rufin asiri, kuma a hankali. Shi ya sa ake raina girmansa.

Lissafin man fetur shi ne wanda kowa ya fi ji a jikinsa. Ranar 29 ga Mayun 2023, a wurin rantsar da shi, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta wuce 600 a watan Yuli, zuwa ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Tun daga nan tana hawa tana sauka, amma ba ta sake leƙa kusa da inda ta fito ba. A ɗauki ma'aikacin da ke zaune cikin ganuwa, yana aiki a Samaru. A ce tafiyarsa kilomita 15 ce zuwa, 15 dawowa, motarsa kuma tana cin lita ɗaya a kowane kilomita 10, wanda ma kyautata zato ne ga tsohuwar mota a cunkoson Kwangila. Lita uku ke nan a rana, lita 66 a kwanakin aiki 22. A kan naira 195, bai kai dubu 13 ba a wata. A kan naira 1,000, dubu 66 ne cif. Wannan zuwa aiki ne kawai, ba a sa kai yara makaranta ba, ba a sa cefane a kasuwar Sabon Gari ba, ba a sa gaisuwar mutuwa a Soba ko ɗaurin aure a Maƙarfi ba.

An ƙara albashi, gaskiya ne. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga dubu 30 zuwa dubu 70 a Yulin 2024. Sai dai dubu 30 ɗin can tana sayen lita 150 da 'yan kai, dubu 70 ɗin nan kuwa lita 70 take saye in mai yana kan dubu. A daidai lokacin kuma hauhawar farashi ta kusa kashi 35 cikin ɗari a Disambar 2024, abinci ya fi komai tashi, aka ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga waɗanda ke rukunin farko, wato waɗanda suka fi samun wuta, a Afrilun wannan shekarar, masu gidajen haya da masu makarantun kuɗi su ma kowa ya ɗaga nasa. Ana wata ga wata.

To, a nan ne halin mota ya bambanta da sauran buƙatun gida. Ba za ka ce wa tukunya ta jira wata mai zuwa ba. Mai gidan haya yana da ranarsa, makaranta tana koro yaro, maganin hawan jinin tsohuwa ba ya ɗaguwa. Mota ce kaɗai ake iya yi wa alkawari a saɓa, ba ta yi magana nan take ba. Don haka ita ake fara zalunta, kuma zaluncin hawa-hawa ne. Da farko a daina cika tanki, a koma "zuba na dubu biyar". A kashe na'urar sanyi ko da a zafin Afrilu ne. A rage fita, a haɗa saƙo uku a tafiya ɗaya. Daga nan sai a taɓa abin da bai kamata a taɓa ba: baƙin man da ya isa juyewa a ƙara masa wata biyu, a sayi na kwalba a bakin titi wanda ba a san asalinsa ba, tayar da ta suɗe a kai ta faci na huɗu, in ta ƙi a sayi ta hannu wadda ta gama rayuwarta a Turai. Takardu su ƙare a ƙi sabuntawa, musamman da inshorar dole ta tashi daga dubu biyar zuwa dubu 15 a farkon 2023, sai mutum ya koma bin lunguna yana kauce wa jami'an hanya. Ranar da wani babban abu ya lalace, giya ko inji ko famfon mai, ranar ake sayen tamfol.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai dabara ce mai ma'ana ga wanda albashinsa ke ƙarewa kafin ashirin ga wata. Haɗuwarsu ce ke zama asara. Wanda ya tsallake juyen mai na dubu ashirin sau uku, yana tara wa kansa aikin inji na dubu ɗari da wani abu. A zahiri bashi ya ci, sai dai motar ce ta ba shi, kuma ruwan da take ɗorawa ya fi na kowane banki.

Sai batun da na ga mutane ba su cika zurfafa tunani a kansa ba, wanda a ganina ya fi tsadar mai haɗari: wanda ya rabu da motarsa yau, da wuya ya sake mallakar irinta. A Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da dilolin mota ke saye a wajen naira 750 a kasuwar bayan fage ta kai 1,500 har ta wuce a 2024. Motar da ake saye dala 5,000 a waje ta tashi daga miliyan uku da dubu 750 zuwa miliyan bakwai da rabi, tun kafin ta hau jirgin ruwa. Kuɗin fito ya fi wannan tsalle, domin da can kwastan da farashin hukuma na naira ɗari huɗu da 'yan kai suke lissafi, yanzu kuwa da na kasuwa, wato ya ninka fiye da sau uku ba tare da an taɓa kason harajin ba. Ga shi kuma tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, hanyar Kwatano da ta rufa wa Arewa asiri shekaru da yawa.

Dattawan Zariya sun taɓa ganin irin wannan saukar. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri, nan Kaduna, kuma a wancan zamanin malamin jami'a ko ma'aikaci mai matsakaicin matsayi yana karɓar bashin mota daga wurin aikinsa ya fito da 504 sabuwa dal, da ledarta. Da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, aka koma 'yar Beljiyam, wadda Yarbawa suka raɗa wa tokumbo. Da farko abin kunya ne, daga baya ta zama abin alfahari, har ana shafa ta ana cewa "ba a taɓa hawanta a Najeriya ba". Abin da ke faruwa yanzu sauka ce ta biyu a kan wannan tsani. Tokumbo ta zama ta masu hali, mai albashi ya koma neman ta hannu, wadda mutum uku ko huɗu suka mora kafin shi. Kuma tun da sababbin shigowa sun ragu, motocin da ke kan titi su ne dai za su ci gaba da zagayawa daga hannu zuwa hannu, suna tsufa, suna ƙara shan mai, suna ƙara mutuwa a hanya. Gida yana cin jarinsa, gari ma yana cin nasa.

Wani zai ce ai in motoci sun tsufa kakar bakanike ta yanke saƙa. Haka na zata ni ma, har sai da na zauna a garejin da nake kai tawa na ga yadda ciniki ke tafiya. Mutum ya zo da ƙara a ƙafar gaba, oga ya duba ya ce sai an canja abu kaza.

"Oga, babu yadda za a yi a lallaɓa? Wallahi wata ya yi nisa."

"Ranka ya daɗe, lallaɓawar nan ita muka yi wancan karon. In na sake ɗaurewa, ba na ɗaukar alhakin abin da zai faru a hanyar Kaduna."

"A dai ɗaure ɗin, Allah Zai kiyaye. In an yi albashi zan dawo."

Aka ɗaure. Aikin da zai kawo wa mai kayan gyara ciniki, ya kawo wa oga kuɗin hannu mai kauri, ya koma ɗaurin waya da walda na dubu biyu, rabinsa ma bashi. Haka abin yake bin layi: mai sayar da kayan gyara a Sabon Gari, wanda shi ma da dala aka auno masa kayan daga Legas ko Nnewi ko Kano, jarinsa da ke cika shago yanzu rabin kanta yake cikawa. Mai gyaran wayoyin mota, mai bugun jiki da fenti, mai faci, mai cajin batir, yaran da ke wankin mota, mai shayin da ke bakin gareji, mai abincin da ke ba su bashi zuwa yamma. Fenti ma kusan an daina, wa zai yi wa mota kwalliya alhali cikinta babu mai? Kuma kowane oga yana da yara biyar ko goma da iyayensu suka kawo koyon sana'a, waɗanda ɗan abin da ake ba su da yamma shi ne abincin darensu. In gareji ya yi sanyi, yaran nan ne ke fara watsewa, mafi yawansu kuma kan mashin suke komawa. Taya kuwa ko maganarta ba a yi: tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Legas a shekarar da ta biyo, kusan duk tayar da ke birgima a ƙasar nan daga waje take.

Abin ya fi yi wa Zariya nauyi saboda irin ginin garin. Gari ne na albashi da noma. Jami'ar Ahmadu Bello da asibitin koyarwarta na Shika, kwalejin jiragen sama ta Palladan, cibiyar fasahar sufuri ta Basawa, kwalejin Nuhu Bamalli, makarantar horar da malamai ta tarayya, barikin horar da kuratan soja, cibiyoyin binciken noma da dabbobi: albashin waɗannan wurare shi ne ruwan da kasuwannin garin ke sha. An ga haka ƙuru-ƙuru a 2022, lokacin da malaman jami'a suka yi yajin aikin wata takwas aka riƙe albashinsu, kasuwar Samaru ta zama kamar an yi shara, kuma motoci da dama a lokacin suka bar hannun masu su. Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba aka cire tallafi. Sannan garin a warwatse yake, cikin birni daban, Tudun Wada daban, Sabon Gari daban, Samaru da Shika can gaba. Babu wanda zai taka daga Ƙofar Gayan zuwa Shika da ƙafa.

Kuma mota a wurinmu ba ta mutum ɗaya ba ce, ko da sunansa ne a takarda. Motar malam ita ce motar asibitin layin gaba ɗaya. Ita ake bugawa ƙofa dominta ƙarfe biyun dare in naƙuda ta zo da gardama, ita ke kai gawa, ita ke ɗauko amarya, ita ke kai buhun masara daga gona a Giwa zuwa gidan gwaggo a birni. In ta kwanta, gida goma ne suka rasa abin hawa, kuma wannan asarar ba ta shiga kowane lissafin tattalin arziki. Zumunci ma ya ji a jikinsa. Gaisuwar da ake cika mota a tafi, yanzu ta waya ake yi, a tura ɗan abin da ya samu ta asusu, a ce a yi haƙuri.

Wanda ya ajiye mota bai daina tafiya ba, hawa ya canja. Ya koma keke napep, acaba da bas. Ga mutum ɗaya akwai sauƙi. Ga mai iyali shida da zai biya wa kowa kujera zuwa da dawowa, sau da yawa tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Wasu kuma sun ƙi ajiyewa, sun mayar da motar gida ta kabu-kabu, suna ɗibar fasinja a hanyar zuwa aiki ko su yi lodin Kaduna ranar Asabar don motar ta ciyar da kanta. Ba laifi ba ne, amma motar da aka saya don kilomita talatin a rana in aka ɗora mata ɗari biyu, kwananta ake ragewa, su kuma direbobin tasha da ke biyan kuɗin ƙungiya suna ganin an shigo musu gona.

In ana neman inda bashin abin hawa na gaskiya yake a Zariya, a kan keke da mashin yake. Mai kuɗi ya sayi keke ya ba matashi a kan farashin da ya ɗara na kasuwa sosai, ya riƙa biya kullum ko duk mako har ya gama, in ya gaza a karɓe, abin da ya zuba a baya ya bi ruwa. Yaron nan yana tsakanin wuta uku: balas ɗin mai keke ba ya raguwa, mai ya ninka, fasinja kuma yana ciniki a kan naira hamsin domin shi ma a matse yake. Ga sababbin shiga sana'ar kullum suna ƙaruwa, har da masu digiri da magidantan da kasuwa ta karye musu. Ƙwacen abin hawa saboda kasa biya, wanda muka ce babu shi a motocin gida, a nan yana faruwa kowane mako, ba dai mai ƙirgawa.

Akwai masu ganin duk wannan gyara ne mai ɗaci da ya zama dole, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Tallafin mai ya fi amfanar mai mota uku a kan wanda ko keke ba shi da shi, kuma wani kaso na man yana tsallaka iyaka zuwa Nijar, Kamaru da Benin. Hukumar da ke kula da harkar mai ta ce abin da ake sha a rana ya sauko daga sama da lita miliyan 60 zuwa ƙasa da miliyan 50 bayan cire tallafin. Raguwar shigo da motoci kuma tana rage wawason dala. Na yarda da wannan duka. Inda na rabu da su shi ne, ƙasashen da mutane ke barin mota a gida cikin jin daɗi suna da abin da za su hau in sun bar ta. Zariya da ta zama mahaɗar jiragen ƙasa tun zamanin Turawa, har ta taɓa samun ƙaramin layin dogo da ke zuwa Jos, yau dogaronta kacokan a kan titi yake. An ƙaddamar da aikin sabon layin Kaduna zuwa Kano a 2021, an ƙaddamar da bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano a 2020, dukansu ta yankinmu za su ratsa. Mayar da mota mai amfani da gas yana rage kuɗin tafiya ƙwarai, amma sai mutum ya samu kuɗin juyin a dunƙule, sai kuma in akwai wurin shan gas ɗin kusa da shi, ba wanda zai ƙona rabin tanki kafin ya isa ba. Wanda ya kasa juye baƙin mai, ina zai samo na tukunyar gas?

Ita ma gwamnati ba ta tsira ba. Motar da ke ƙarƙashin tamfol ba ta sabunta takarda, ba ta biyan inshora, ba ta tsayawa gidan mai. Kuma tsofaffin Golf da Sharon da J5 da ke kwaso tumatir, barkono da masara daga ƙauyuka su ma wannan ciwon ke cinsu. Duk abin da direba ya kashe a gareji, a kan kwandon tumatir yake ɗora shi, ya dawo kan tukunyar magidancin nan da ya ajiye motarsa don ya iya cefane.

Ana ta maganar a buɗe wa ma'aikata hanyar sayen mota da bashi, har gwamnatin tarayya ta kafa hukumar bashin masu saye a 2024. Tunanin ba shi da aibi, amma a ƙarshen wannan shekarar ma'aunin ruwan Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, na bankunan kasuwanci kuma sama da haka yake. Ga mutanenmu da yawa ma zancen ruwa ya rufe ƙofar tun daga farko, sai dai tsarin murabaha irin wanda bankin Jaiz ya fara kawowa a 2012, inda banki ke sayen motar ya sayar maka da ribar da aka yanke tun farko. Shi ma ɗin ribar tana bin yanayin kasuwa. Kuma ko an ba ka motar a sauƙaƙe, in albashin da ya rage bayan cire kason wata ba zai zuba mata mai ba, tamfol na biyu kawai aka saya maka, wannan karon da bashi a kansa.

Mai motar da ke ajiye yana ta'azantar da kansa da cewa ai kadara ce, kullum daraja take ƙarawa. A baki haka ne: wadda ya saya miliyan biyu shekara biyar da suka wuce, yau dillali zai ce masa ta kai biyar. Abin da dillalin ba zai faɗa ba shi ne miliyan biyar ɗin ba za ta sayo masa irinta ba, kuma mota ba fili ba ce da ke jira. Wata uku a tsaye batir ya mutu. Wata shida tayoyi sun tsattsage, man da ya rage a tanki ya lalace, birki ya kama, ɓeraye sun shiga sun cinye wayoyi. Ranar da kuɗin makaranta ko takardar asibiti ta tilasta a yaye tamfol ɗin, sai an kashe wani kuɗin kafin ta tashi. Daga nan a wanke ta, a kai ta bakin titin PZ ko hanyar Samaru, a ɗora mata galan a kan rufi, a rubuta lambar waya a gilashi. Masu tsayawa su leƙa suna da yawa, kowa ya zagaya ta, ya buga taya da ƙafa, ya tambayi nawa take sha daga nan zuwa Kaduna, ya ce zai kira. Dillali kuma yana gefe yana jiran ranar da mai ita zai matsu sosai, domin ya san ranar ce farashin gaskiya zai fito.